Firintar ofishinmu kullum sai ta riƙe takarda, mu gyara ko mu sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi a Wuse, nan Abuja. Muna da firinta HP LaserJet P2055dn, ta hannu ce oga ya sayo shekara biyu da suka wuce kuma da lafiya lau take aiki. Amma tunda damina ta yi nisa ta canza, a rana sai ta yi jam, wato ta riƙe takarda, sau biyar sau shida. Wani lokacin ba ta ma ɗaukar takardar sai dai ka ji tana ƙara, wani lokacin ta ɗauki biyu ko uku lokaci ɗaya, wani lokacin kuma a baya take tsayawa ta tattare. In za mu buga gaba da baya kam ba a magana. Mun canza tona, wato garin tawadarta, sau biyu babu canji. Wani ya ce a jefar a sayi sabuwa, oga kuma yana ganin kamar ni ce ban iya da ita ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam warahmatullah. Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara haƙuri, don na san yadda abun yake, takardun kotu na jira, lauya na tsaye a kanki yana duba agogo, inji kuma ya riƙe shafi na bakwai ya ƙi saki. Bari in fara da abun da zai kwantar miki da hankali, ba laifinki ba ne, kuma a yadda kika kwatanta ɗin nan ni ban ga dalilin sayen sabuwa ba tukuna. Wannan samfurin tun wajen 2008 ya fito amma inji ne mai ƙwari, har gobe ana samun kayansa a kasuwannin kayan kwamfuta na Zone 3 da Banex, kuma mu masu gyara mun san cikinsa da bayansa.

Abu ɗaya nake so ki riƙe daga duk bayanin da zan yi, shi ne duk lokacin da ta riƙe takarda, kafin ki zaro ta ki tsaya ki duba inda bakin takardar ya tsaya. Wallahi rabin aikinmu kenan. Mutane da yawa da zarar ta tsaya sai su fizge takardar su jefa a kwandon shara, in na zo na tambaya a ina ta tsaya sai a ce min "a ciki", toh a ciki ina? Wurin da ta tsaya shi ke faɗin cutar. Hanyar da takarda ke bi a cikin firinta mai tona ba ta da wani tsawo. Daga tire wata rola mai roba ce ke jawo ta, a ƙarƙashinta akwai ɗan faifan roba da ke tare sauran takardun don ɗaya kawai ta wuce, daga nan wasu rololi su daidaita mata baki, ta bi ta ƙarƙashin katirij, wato akwatin tona, inda daram, gangar da ke juyawa a cikinsa, ke zuba mata garin tona, sai ta shiga fiyuza, wato hitar da ke narkar da garin ya manne da zafin da ya kai kusan digiri 200, sannan rololin ƙarshe su turo ta waje. A kan hanyar nan akwai wasu ƙananan maɓallai na roba da takarda ke turewa in ta zo wucewa, su ne sensa. Injin lissafin lokaci yake yi, in takarda ba ta taɓa sensa a lokacin da ya dace ba, ko ta taɓa ta ƙi wucewa, sai ya tsaya cak ya ce an yi jam. Shi bai ga takardar ba, lokaci kawai ya lissafa. Shi ya sa saƙo ɗaya yake ba ki amma dalilan sun kai goma.

Kuma ga wata dabara mai sauƙi, ki shafa yatsa a kan rubutun takardar da kika zaro. In baƙin ya goge ya ɓata miki hannu, toh ba ta kai fiyuza ba, matsalar tana wajen shiga. In rubutun ya kama tsaf, ta riga ta wuce wuta, matsalar tana wajen fita.

Yanzun ke abu huɗu kika lissafa, kuma a gaskiya ba cuta ɗaya ba ce, amma akwai abun da ya haɗa su, kuma ke da kanki kika faɗe shi ba tare da kin lura ba: damina. Zan daɗe a nan don a nan mutane suka fi asarar kuɗi a banza. Takarda tana shan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi a kicin in an bar shi a buɗe. A watan Yuli da Agusta da Satumba a garin nan, rim ɗin da aka farke aka ajiye a kan tebur ko a ƙasa kusa da taga, kwana biyu ya ishe shi ya canza. Ido ba lallai ya gani ba, amma in kika ɗaga takarda ɗaya za ki ji ta yi laushi, ba ta wannan ƙarar ta sabuwar takarda, gefenta kuma ya ɗan yi tudu da kwari. Irin wannan takardar tana mannewa da 'yar uwarta, shi ya sa ake ɗaukar biyu uku, kuma tana da nauyin ja, shi ya sa rolar da ta ɗan tsufa take zamewa a kanta. Mafi muni sai ta shiga fiyuza, ruwan da ke cikinta ya zama tururi nan take, takardar ta nannaɗe, maimakon ta miƙe ta fita sai bakinta ya karkata ya daki wani abu, sauran jikin na ta turowa daga baya, shi ne kike ganinta a tattare ninki-ninki. Wasu ma har sukan kira ni a firgice wai firinta na hayaƙi, in na je in tarar tururi ne kawai ke tashi daga inda takarda ke fita, babu ƙauri babu komai.

Ki lura da kyau, zan iya cewa ranar Litinin da safe abun ya fi tsanani. Dalili kuwa an kashe AC tun yammacin Juma'a, takarda ta kwana uku a cikin tire tana shan raɓa. Toh gwajin farko da za ki yi ba ya cin ko sisi bayan kuɗin takarda: ki kwashe duk abun da ke cikin tire, ki farke sabon rim wanda ba a taɓa buɗewa ba, 80gsm mai kyau (gsm ma'aunin nauyin takarda ne), ki saka kamar ɗari, ki buga shafi ashirin ko talatin a jere. In ta wuce lafiya kin gano mai laifi. Wannan takardar da ake naɗe rim da ita ba ado ba ce, cikinta akwai wani shafi mai santsi da ke hana danshi shiga, don haka in kin ɗebi abun da za ki ɗiba ki mayar da bakin ki ninke, ki saka a cikin kabad ko durowa, kar a ajiye katan a kan tayil kai tsaye ko a jingine da bango. Ranar Juma'a in za ki tashi ki kwashe na cikin tire ki mayar cikin ledarsa. Ofisoshin da suka ɗauki wannan ɗabi'ar kaɗai na ga kiran da suke min ya ragu sosai.

Sannan ingancin takardar kanta. Na san yadda farashin rim ya tashi, kowa na neman sauƙi, amma akwai takardun da ake yankowa daga manyan faifai a nan gida a naɗe su a sayar da araha, in wuƙar yankan ta dakushe sai gefen ya fito da gashi-gashi, takardun su sarƙe da juna, ga kuma farar ƙura da suke zubarwa wadda ke zama a kan rola ta mayar da ita kamar sabulu. Mai 70gsm ma tana bugawa, ba na ce ba ta yi, amma a damina da kuma aikin gaba da baya ta fi saurin naɗewa. Ga ofishi irin naku da takarda ke zuwa gaban alƙali ni 80gsm zan ce a tsaya a kai.

Yadda ake loda tire shi ma yana da nasa. Tiren ƙasa na injinku takarda 250 yake ɗauka, rabin rim kenan, kuma akwai alama a gefe da ke nuna iyaka, kar a wuce ta ko da akwai aiki da yawa. Kar a zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa, a fitar da duka a daidaita tare ko a bari ta ƙare. Waɗannan 'yan katangun da ke zamewa a gefe da baya su taɓa takardar kawai, in sun matse ta za ta yi doro, in sun yi sako-sako za ta shiga a karkace ta je ta maƙale a gefe ɗaya. Sai maganar fifita takarda da kowa ke yi kamar ana ƙirga kuɗi, HP da kansu a littafin injinansu cewa suke kar a yi, a dai riƙe damin da hannu biyu a lanƙwasa shi gaba da baya, a juya shi, a buga gefensa a kan tebur ya daidaita. Dalilinsu shi ne fifitawar na tara irin wutar nan da ke sa riga ta riƙa tartsatsi a jiki lokacin hunturu, ita ma tana manne takardu. Wannan za ki fi ganinsa daga Disamba zuwa Fabrairu in iska ta bushe, don kar ki ɗauka da damina ta wuce an huta, hunturu ma na zuwa da tasa, ga ƙura kuma da ke shiga ko'ina. Ki samar mata mayafi ki riƙa rufe ta in an tashi, amma sai bayan an kashe ta ta huce.

Da takardar da aka riga aka buga a gefe ɗaya ake son a sake amfani da bayanta, na fahimci tattali ne, amma ita ce ke shigo da fin ɗin sitefula cikin inji. Fin ɗaya tak ya isa ya yaga fiyuza. Na taɓa buɗe wata a wani ofis a Garki na ciro fin guda huɗu da kilif ɗaya da robar ɗaure kuɗi, mai ofishin yana ta rantsuwa babu wanda ya saka, kuma gaskiya ya faɗa, babu wanda ya saka da gangan, takardun tsofaffin fayil ne suka shigo da su.

Toh a ce kin gwada sabon rim ɗin kuma har yanzu tana ƙara ba ta ɗauka. Yanzun mun zo kan rolar ɗauka. Roba ce, sabuwarta tana da kaushi kamar tayar da ba ta taka ƙasa ba, in ta yi aiki shekaru sai ta suɗe ta yi sheƙi. Ki tuna injinku na hannu ne, ba ki san dubu nawa ya buga a can kafin ya shigo ƙasar nan ba. Za ki iya sani ma, ki shiga menu ki buga shafin rahoton injin, zai nuna miki jimillar shafukan da ya buga tun da aka ƙera shi, ki ajiye wannan takardar za ta yi amfani. Don ki tabbatar rolar ce, ki buɗe ɗan tiren gaba, wanda ke saukowa kamar ƙofa yana ɗaukar takarda 50, ki buga daga nan. Shi rolarsa daban ce. In daga nan tana tafiya sumul amma daga tiren ƙasa tana gardama, magana ta ƙare, rolar ƙasa ce.

Gogewa kuma ke ma za ki iya. Ki kashe ta ki zare waya daga soket, ki zaro tiren ƙasa gaba ɗaya, ki leƙa saman ramin da ya bari za ki ga rolar. Ki sami tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ki jiƙa da ruwa ki matse sosai, ki goge robar har ki ga baƙi da farar ƙura sun daina fita, ki bari ta bushe kafin ki mayar. Ruwa kawai. Dan Allah banda fetur, banda kananzir, banda tina, banda man shafawa ko wani mai na feshi. Na ga inda aka goge da fetur ta yi aiki kwana uku kowa na murna, bayan sati robar ta bushe ta tsattsage, gyaran gangar auzinawa kenan. Wasu yaran shago kuma sukan kankare ta da sanfefa ko su juya robar ɓangaren da bai suɗe ba ya dawo gaba, wannan na biyun yana fitar da mutum kunya in aiki ya matse cikin dare, amma ba gyara ba ne, a sayi sabuwa a saka don tana cikin mafi arahar kayan firinta.

Ɗaukar biyu uku kuwa, in ba danshi ba ne, toh faifan robar nan ne da na ambata, yana jikin tiren ta gaba, sukurori biyu ne ke riƙe da shi. Aikinsa birki ne, in ya suɗe sai takarda ta biyu ta bi ta farko. Ni a ƙa'idata ba na canza rola in bar shi, tare suka tsufa tare za su tafi, in ba haka ba bayan wata ɗaya za ki sake kirana. Akwai kuma wani abu da ba kowane mai gyara ke kula da shi ba a tsofaffin HP, wani ɗan maganaɗisu ne da ake kira solinoid, shi ke sakin rolar ta juya sau ɗaya ga kowace takarda. A jikinsa akwai ɗan soso da aka manna don rage ƙara, in ya tsufa, ga zafin ƙasarmu, sai soson ya narke ya bar danƙo, ƙarfen ya riƙa mannewa ba ya komawa da wuri, rolar ta sake juyawa ta jawo wata takardar a bayan ta farko. Alamarsa ita ce takardun ba a haɗe suke fitowa daidai ba, ta biyun tana bin ta farko a baya, ko farar takarda ta riƙa fitowa tsakanin shafuka. Wannan ba naki ba ne, sai an kwance gefen injin, amma ki faɗa wa mai gyaran ya duba, gyaran ba ya cin kaya, kankare danƙon ne a manna wani abu a madadinsa.

Maganar tona da kuka canza sau biyu, a gaskiya kuɗin nan da an tambaye ni da ban bari an kashe ba, don ƙarewar tona ba ta sa jam, rubutu ne kawai ke dusashewa. Inda katirij ke shigowa cikin maganar shi ne in takarda na tsayawa a ƙarƙashinsa daidai. Naku 05A ne ko babbansa 05X, kuma na san yawancin ofisoshi cikawa ake yi ana sake cikawa, ban hana ba, amma katirijin da aka kwance aka ɗaure sau biyar sau shida wani lokacin murfin daram ɗinsa ba ya buɗewa sosai ko giyarsa, wato haƙoran da ke juya shi, ta ci, sai ya tare hanya. In kin cire shi don zaro takarda kar ki bar shi a fili cikin haske, ki ɗora masa takarda a kai, kuma kar ki taɓa daram ɗin da hannu, haka baƙar rolar soso da za ki gani a ƙasan inda ya tashi. In garin ya zuba miki a hijabi ko atamfa ki kakkaɓe a bushe tukuna sannan ki wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da shi yake ya kama zaren har abada.

Yanzun wadda ke tsayawa a baya ta tattare. In da busasshiyar takarda ma tana yi, ina zargin fiyuza. A irin injinku fiyuzar ba ƙarfe ce zalla ba, wata siririyar riga ce mai santsi da ke juyawa a kan hita, mu a kasuwa taflon muke ce mata, a ƙarƙashinta kuma rolar roba mai danna takarda. In rigar nan ta yage ko man cikinta ya bushe ta daina juyawa sosai, takarda za ta shiga ta kasa fita. Alamomin da za ki gani su ne tabo ko inuwar rubutu na maimaita kansa a tsawon shafi, ko gefe ɗaya na rubutun yana gogewa, ko takarda ta fito da ƙunci a tsaye, ko ki ga ɓarɓashin wani abu mai launin toka. Kuma abun da ya fi yaga rigar nan, Malama, hannun mutane ne. Takarda ta maƙale sai a ɗauko almakashi ko wuƙar buɗe ambulan ko tsinken gashi a shiga zungura. Don girman Allah ki hana kowa yin haka a ofishinku, ko da oga ne ki ba shi haƙuri ki ce ke za ki cire.

Yadda ake cirewa shi ne a kashe inji, a buɗe ƙofar gaba a fitar da katirij, a buɗe ta baya, in a wajen fiyuza take a ba ta minti goma zuwa sha biyar ta huce don tana ƙona yatsa da gaske. A kama takardar da hannu biyu, gefe da gefe, a ja a hankali ba fizga ba, kuma in da hali a ja ta ɓangaren da dama take tafiya, don ja da baya da ƙarfi shi ke karya 'yan maɓallan sensa ko ya fitar musu da sifirin. In ta fito ki shimfiɗa ta a tebur ki duba ko ta cika. In akwai kusurwar da ta yage, toh tana ciki, kuma in ba a nemo ta ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, ɗan guntun da bai kai farce ba zai zauna a kan hanya ya riƙa tare duk wadda ta biyo baya. Ki haska da fitilar waya ki nema. Irin wannan guntun ne ma ko karyayyen maɓalli ke sa inji ya riƙa cewa akwai jam tun daga kunnawa alhali babu takarda ko ɗaya a ciki. Wani lokacin kuma kyankyaso ne ko tsaka suka shiga neman ɗumi, shi ya sa nake roƙon a daina cin gyaɗa da biskit a kan teburin firinta.

Sai gaba da baya, wanda kika ce ba a magana, kuma a nan ina da kyakkyawan zaton za ki warware shi yau da hannunki. Wannan samfurin yana da wani ɗan hannu shuɗi a baya, in kika ɗaga ƙofar ɓangaren juya takarda za ki gan shi. Shi ke zaɓar faɗin takarda. In an tura shi ciki na takardar Amurka ne, wadda ake kira Letter, in an jawo shi waje na A4 ne. Mu A4 muke amfani da ita, faɗinta milimita 210 tsawonta 297, ta Amurka kuwa 216 da 279, kin ga ta fi faɗi kuma ta fi gajarta. In injin daga can ya zo, ko wani ya ture hannun wajen goge-goge, duk takardar da ta juyo don a buga bayanta za ta iya karkacewa ta maƙale. Ki duba shi. In kuma ta riga ta maƙale a wannan hanyar, ki zare tiren ƙasa, akwai koren hannu a ciki da za ki danna, faranti ya sauko ki ciro ta. Haka a kwamfuta, Word sau da yawa a kan Letter yake zuwa, ki mayar da shi A4, ki mayar da saitin firintar ma A4, don in kwamfuta ta ce gajeriya ce ke zuwa sai doguwa ta zo, lissafin lokacin nan da na faɗa miki ya rikice.

Tunda ofishin lauyoyi ne na san kuna buga takarda mai kauri mai tambarin ofis da ambulan. Waɗannan ta tiren gaba za su bi, a buɗe ƙofar baya su fita a miƙe ba sai sun lanƙwasa sun hau sama ba, kuma a gaya wa kwamfuta irin takardar, don in ta san mai kauri ce tana rage gudu ta daidaita zafi. Takardar hoto mai sheƙi ta firinta mai ruwan tawada kuma ko kusa kar ta shiga, narkewa take a jikin fiyuza, haka sitikar da aka riga aka ɓanɓare wasu daga jikinta.

Wuta ma ki sa mata ido. In ana tsakiyar bugu aka ɗauke ko aka juya zuwa janareta dole takarda ta tsaya a hanya, wannan ba ciwon inji ba ne, a cire a hankali kawai. Amma kar a jona firinta mai tona a ƙaramin UPS, wato batirin ajiye wuta na kwamfuta, hitarta na jan wuta da yawa lokacin da take ɗaukar zafi, UPS ɗin ba zai iya ba. Ki duba lambar da ke bayanta kuma, in 110 aka rubuta toh ta Amurka ce, tana buƙatar taransifoma mai rage wuta wanda ya fi ƙarfinta, in an saka mata ƙarami za ta riƙa wahala.

In za ki kira mai gyara, ki tara masa takardun da suka maƙale guda uku ko huɗu, ki rubuta a bayan kowace inda ta tsaya da tiren da ta fito, ki haɗa da shafin rahoton nan. Ki nemi ya gyara a gabanki in zai yiwu, ya nuna miki abun da ya cire ya bar miki shi, kuma kar ya tafi sai an buga shafi hamsin a jere daga tiren ƙasa, da kamar goma gaba da baya. Wanda ya zo bai ko buɗe tire ba ya ce miki bod, wato allon lantarkin inji, ne ya ƙone, ki nemi wani ya sake dubawa, don bod da wuya ya sa jam irin wanda kika kwatanta.

Inda zan yarda a sayi sabuwa shi ne in an canza rola da faifai, an gyara fiyuza, sannan giyoyin ciki suka fara ƙara kamar injin markaɗe, ko kuɗin gyaran da ake nema ya doshi rabin kuɗin wata mai lafiya, ko kuma aikin ofishin ne ya girma ya fi ƙarfinta, don HP shafi 750 zuwa 3,000 a wata suka ba da shawara ga wannan samfurin, in kuna cinye katan biyu uku duk wata toh babba kuke buƙata. Amma ki gaya wa oga cikin ladabi cewa sabuwar ma in aka ba ta takardar da ta kwana a buɗe cikin watan Agusta haka za ta riƙe. Gobe da safe ki fara da sabon rim da shuɗin hannun nan na baya, sannan ki goge rola, in akwai wadda ta sake tsayawa ki ɗauki hotonta a inda take kafin ki taɓa ta ki turo min in gani.